Ciyawar da Baba Ya Nome

"Wa ya aike ka, Baba?"

"Sai an aike ni kafin in yi noma? Tun ba ka san hannunka na dama ba nake riƙe da fartanya."

"Na ce kar a taɓa wajen nan. Sau nawa na faɗa?"

"Ka faɗa. Ni kuma na ce baƙi ba za su shigo su same mu cikin daji ba, kamar kangon da masu shi suka gudu."

Yana tsaye gumi na bin wuyansa. Bayansa ƙasa ce fes, har tsintsiya ya sa mata. Jiya ciyawa ce a nan har ƙugu, da ƙananan furanni masu ruwan ƙwai, ƙudan zuma na ta kai-kawo.

Lambun ƙungiyarmu ne, a bayan tsohuwar firamare, kowa da fangalinsa. Bara wata gidauniya ta ba mu tallafi: wayar shinge, iri, bokitai. Sharaɗinsu guda ne, a bar kusurwa ɗaya ba noma, ciyawar wajen ta tsiro yadda ta ga dama saboda zuma da tsuntsaye. In sun zo sun ga ta kama, za su kawo injin ruwa mai aiki da hasken rana. In ba haka ba, mu ci gaba da jan guga a rijiyar da ke ƙara nisa duk rani. Ni aka ɗora wa kula da kusurwar, don na gama sakandare, kuma ba ni da wajen zuwa da safe.

Yau ne za su zo.

Shugabarmu, tsohuwar nas da kowa ke kira Anti, ta shigo da jakarta. Ta dubi ƙasar, ta dubi Baba, ta kife bokiti ta zauna.

"Malam, ai da ka haɗa da latas ɗina, in huta gaba ɗaya."

"Hajiya, ciyawa ce fa."

"Na sani. Ita ce kaɗai abin da muka shuka da ake biya."

Mai gyaran keke, wanda fangalinsa ke jikin namu, ya ce a kwaso tarin ciyawar da Baba ya nome a sake cusa ta cikin ƙasa, hoto kawai za a ɗauka. Ba wanda ya ce wannan dabara ce, ba kuma wanda ya kawo wata. Muka durƙusa muna cusawa, ni da shi da Anti mai ciwon gwiwa. Baba ya koma gindin shinge ya juya mana baya. Kafin rana ta take, duk abin da muka tsayar ya langaɓe ya kwanta.

Baƙuwar da gidauniyar ta turo ta zo ita kaɗai, da malafa da waya a hannu, takalmanta duk ƙura. Ba ta girme ni sosai ba. Ta tsaya gaban kusurwar ta daɗe.

Baba ne ya taso. Ya goge hannu a riga.

"Sannu da hanya, 'yata. Na gyara muku wajen, waɗannan suka sake ɓata shi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba.

"Sannu da aiki, Baba." Ta juyo wajen Anti. "Ba ku ne na farko ba. Amma abin da babu ba zan iya ɗaukar hotonsa ba."

Na ce ina da hotuna na makon jiya. Ta ce sai wanda ta ɗauka da hannunta. Ta ce injin zai tafi wata ƙungiya, mu kuma in ciyawar ta dawo bayan damina mu sake nema. Ta sha ruwan da Anti ta miƙa mata, ta yaba tumatir, ta tafi.

Kowa ya wuce Baba kamar ba ya wajen. Gara ma a ce an zage shi. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kayansu, mai gyaran keke na cewa da wannan jan gugan, bayansa ba zai kai wani ranin ba.

Da yamma na tsaya bakin rijiya. Igiya ta ƙare a hannuna guga bai taɓa ruwa ba, sai da na ƙulla mata tsumma. Abin da ya fito rabi laka. Na zuba wa albasa, ƙasa ta shanye kamar ban zuba ba.

Da na waiwaya, Baba na tsugune a kusurwar. Yana zaro kawunan ciyawa daga tarin, yana murzawa a tafi, yana hure ƙaiƙayi. Abin da ya rage iri ne ɗan baƙi-baƙi, ya fi yashi ƙanƙanta. Ya daɗe yana kallonsa. Bai ɗago ba.

"Ɗan nan, ita wannan abar, binne ta ake yi ko watsawa?"