Tela Mai Ratsa Hamada a Zaune

Wani dare muka ji ƙara daga ɗakin tela, kamar ta ɗinki, amma babu sukar allura. Da safe na leƙa. Ashe likita ne ya ce masa in bai riƙa motsa kumburarrun ƙafafun nan nasa ba, tafiya za ta gagare shi. Shi kuwa da furfurarsa, kunyar gudu a titi yake ji. Sai ya cire allurar keken ɗinki yana taka feda, matarsa tana karanta masa wani tsohon littafi da ya saya a gwanjo, labarin wata mata da ta tashi ratsa hamada da gudu.

"Maigida, ta fara hawan tudu fa," in ji matar.

"Ai na ji a gwiwata. Karanta a hankali, kar ki kashe ni!"

Muka riƙa taruwa da yamma, kowa da kujerarsa. Sannu a hankali kumburin ya sauka. Ranar da labari ya kusa ƙarewa, matar ta juya shafi ta tarar an yage sauran. Tela bai daina takawa ba, gumi yana ɗiga, yana murmushi.

Maƙwabcinmu mai wanki ya ce, "To, wai ta isa kuwa?"