Juma'ar da Aka Ce Za a Saki Fim

"Baba, ƙarya ne. Babu fim ɗin da za a saki ranar Juma'a."

Baba Bunu bai ko kalli wayar da na miƙa masa ba. Yana kishingiɗe a zaure, hannu ɗaya dafe da ciki, motocin shanu suna ta wucewa a titi saboda ranar Laraba ce, ranar kasuwa. Ya ce ai Bilyamin ne ya turo, ɗansa da ke aiki a Abuja, kuma mai digiri ba zai turo wa ubansa shirme ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, a gabansa na girma. Shekara arba'in yana dillanci a Kasuwar Shanu. Mutumin da ko rantsuwa ka yi masa kan shekarun bijimi, sai ya buɗe bakin dabbar ya ƙirga haƙora da kansa, shi ne yau hoto ɗaya a waya ya ɗaure shi. Abin ya ƙona mini rai.

Shekara biyu da suka wuce 'yan fim sun zo daga Kano sun ɗauki wani sashe a kasuwar, suka haɗa da matarsa, Hajja Fanna, tana zuba kunu a rumfarta. Wata biyar bayan nan ta rasu. Ita kuwa ba ta taɓa yarda an yi mata hoto ba, ko na biki. Wannan fim shi ne kaɗai wurin da fuskarta ta saura.

Ranar Litinin likita ya ce hanjin Baba ya murɗe, a kai shi Damaturu a yi aiki, kada a wuce kwana biyu. A ranar saƙon Bilyamin ya shigo: fastar fim ɗin mai kyau, an rubuta Juma'a ƙarfe huɗu a Yutub. Baba ya sa aka sauke jakarsa daga mota.

"Idan suka sa ni barci ban farka ba fa, Sa'adiyya? Bari in ga Fanna tukuna."

Ni ma sai na yi irin aikinsa, na buɗe bakin labarin. Na bi shafin da ya fara yaɗa fastar, na tarar sau uku suna saka ta tun bara, kowane karo da sabuwar rana. Kwanan watan ma a karkace yake, liƙa shi aka yi. Na nemo lambar masu fim ɗin na gaske, na kira har sau shida. Wanda ya ɗauka ya ce ko tace hoton ba su gama ba, balle sa rana, kuma su ma shafin ya ishe su.

Duk na zayyane wa Baba. Ya ce masu fim ɓoyewa suke yi saboda 'yan kwafi. Na kira Bilyamin na ce ya buɗe baki ya gaya wa ubansa bai duba ba. Sai ya ce wai a guruf ya gani, kuma in bar tsoho ya ji daɗi, kwana biyu ne kawai. Kwana biyu. Wallahi da yana kusa da na mare shi, duk da ya girme ni.

Ranar Juma'a Baba ya sa aka yi masa aski, ya saka farar babbar rigarsa duk da zufa na keto masa. Bayan la'asar na jingina wayar da buta a gabansa, na danna abin da masu shafin suka bayar. Tallar caca ta fito, sai tallar maganin ƙiba. Muka zauna har aka kira magariba. Na so in ce na faɗa maka, amma na ga leɓensa ya bushe ya yi fari.

"Ƙila netwok ne," ya ce. Can kuma ya ce, "To, a kira direban."

Da safe muka ɗauki hanya. Ba mu wuce garin Mamudo ba direban ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya zo ya shafe wa Baba idanu.

Bilyamin ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, yana kuka yana cewa kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne. Amma har yau ban amsa gaisuwarsa ba, kuma shafin nan yana nan, makon jiya ma sun sa wa wani fim rana.

Sai bayan babbar sallah aka saki fim ɗin. Na shiga zauren ni kaɗai, na shimfiɗa tabarmarsa, na jingina wayar da butar. A minti na talatin da bakwai Hajja Fanna ta fito bayan jarumin, ta ɗaga ludayi, ta waiwayo tana dariya, hoton ya wuce. Na mayar baya na tsayar da shi daidai nan, na juya wayar ta fuskanci tabarmar.