Yatsun da Sabulu Ya Cinye

Da aka kawo sabuwar dokar tantance 'yan fansho, sai aka kafa gilashi tsakanina da jama'a, aka kuma watsa abokan aikina wurare daban-daban. Wai sabo ne ƙofar cin hanci. Ni kaɗai aka bari, don na kusa ritaya, sai wani mai duba aiki da ke zaune a bayana da takarda a cinya. Ba ya shan shayi, ba ya hira. Ban raina dokar gaba ɗaya ba. Na san matattun da suka shekara goma suna karɓar fansho, wani ma a kabari ya samu ƙarin girma.

Ranar Talata Inna mai shara ta zo a tantance ta. Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke daɓen ofishin nan da tsumma. Ita ta goya mini ɗan farina a bayan kabad duk watan da na rasa mai raino.

"'Yar nan, cikin kwalba aka sa ki?" Ta ƙwanƙwasa gilashin.

Na ce ta ɗora babban yatsa a kan na'ura. Fitila ta yi ja. Ta goge shi a zane, ta hura masa iska, ta sake. Ja. Muka gwada yatsun goma duka. Ruwan sabulu ya cinye zanen yatsun tas.

"Me abar nan ke cewa?"

"Wai ba ta gan ki ba, Inna."

"Makauniya ce? Ga ni tsaye da ciwon gwiwa. Matattu na ciwon gwiwa?"

Mai duba aiki ya miƙo mini wata takarda. Idan na'ura ta gaza, in ji shi, ma'aikaci na iya haɗa fuska da hoto ya sa hannu, amma sai wanda bai san mai fanshon ba. Idan akwai sanayya, a dakatar da sunan har kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa ba wanda ya taɓa ganin zamansa.

"Kin san ta?"

Na dubi hoton, na dubi Inna. "Ban san ta ba."

Ya leƙa ta ramin gilashin. "Ke fa, Baba, kin san ma'aikaciyar nan?"

Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara mayafinta. "Yaro, ma'aikata ai duk kamarsu ɗaya."

Na sa hannu, na buga hatimi: tana raye. Ta ninke takardar gida huɗu, ta yi wa mai duba aiki godiya, ta fita tana jan ƙafa, ba ta waiwayo ba.

Har yau ban san ko ta gane ba, ko kuwa haushi ta tafi da shi. Gidanta yana kan hanyata, amma mai duba aiki ma ta nan yake bi. Tun ranar, ta bayan kasuwa nake zagayawa.