Gurguwa Ta Miƙe

Baba ne ya sa wa motar suna Gurguwa, saboda ta karkace ta ɓangaren direba kamar mai ɗingishi. Da ita ya yi dakon kaya har ya aurar da 'ya'yansa kaf. Da ciwon suga ya cinye masa idanu, sai aka ajiye ta a bayan gida, tsatsa ta ci ƙofofinta, kaji suka tare a ƙarƙashinta.

Auta, ƙaramin ɗansa, mai gyaran firij ne, ba makanike ba, amma akwai shi da kafiya ta bala'i. Ranar da likita ya ja shi gefe ya ce ƙodar tsohon ta kusa gazawa, ya ƙudurta abu guda: sai Baba ya sake zama a cikin Gurguwa tana tafiya kafin ta Allah ta kasance. Ya sa aka ja ta zuwa rumfar wani abokinsa. Baba dai an ce masa ta tafi gyara, ba a faɗa masa irin gyaran ba.

Duk ƙarshen mako Auta yana can a kwance ƙarƙashinta. Matarsa ta yi mitar baƙin mai har ta gaji ta zuba masa ido. Shi kuwa da yake mutum ne wanda a wurinsa duk abin da ke ƙara ya lalace, sai ya bi motar da maganin shiru. Ya sauke tsohon injin ya ɗora wani mai lafiya. Ya sa sababbin sifirin, Gurguwa ta miƙe tsaye cak. Kujerar da ta lotsa ya fidda ta. Sitiyarin da Baba ya naɗe da robar taya, wanda babban yatsansa ya yi wa rami, ya cire shi ya sa mai sulɓi. Da abokin ya ce tarkacen ya cika masa rumfa, Auta ya kira 'yan gwangwan suka kwashe, har da yi musu godiya.

Ranar da ya kawo ta gida, shuɗin fentinta sai ɗaukar ido yake. Ya riƙo hannun Baba, ƙafafun tsohon a kumbure, suka tako a hankali. Baba ya laluba marfin ƙofa, ya ɗaga ya fizga da ƙarfi yadda ya saba. Ƙofar ta buɗe salin alin, saura kaɗan ya faɗi. Ya zauna, ya dafa sitiyari, yatsansa yana ta yawo a kai.

“To, tayar da ita mana,” in ji shi.

“Ai ta tashi, Baba. Aiki take yi.”

Tsohon ya karkata kai ya kasa kunne, ya daɗe a haka.

“Auta, motar wa ka aro?”

“Gurguwa ce, Baba! Ita ce wallahi, gyara na yi mata.”

“Haba, kai kuwa. Gurguwa sai ta yi tari ta jijjiga mutum kafin ta tashi. Marigayiya uwarka tun daga bakin layi take jin ta, ta ɗora min ruwan wanka. Wannan ƙarar nake so in ji.” Ya shafa sabuwar kujerar. “Wannan ma mai kyau ce, Allah ya yi albarka. Ka mayar wa mai ita. Ni ka kai ni wurin tawa, ko ba ta tashi ba, in dafa ta kawai.”

Auta ya mai da Baba ɗaki, ya nufi filin 'yan gwangwan kamar zai tashi sama. Mai filin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kayan wancan lokacin an daɗe da loda su zuwa inda ake narkarwa. Auta ya tona tulin ƙarafa da hannu har ya yanke, bai samu ko noti ɗaya da ya gane ba. Ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi.

Da ya dawo, ya tarar da Baba a bayan gida, zaune a kan kujerar roba kusa da inda baƙin mai ya rina ƙasa.

“Ka gano ta?”

“Tana gareji, Baba. Ba su gama ba.”

“To, su hanzarta,” in ji tsohon. “Kuma ka ja musu kunne, kada kowa ya taɓa min sitiyarin nan.”