Sori a Waya

"Sori, baba, sori ƙwarai," in ji shi, yana miƙa wa wani tsoho takardar cikewa ba tare da ya ɗago kai ba. Akwatin tsohon ya bi wata motar zuwa wani garin.

Shekararsa goma sha ɗaya a teburin ƙorafi na ofishin kaya a tashar mota, har abokan aiki sun manta sunansa, sai dai Malam Sori. Bai taɓa jin haushi ba, alfahari ma yake yi. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma wannan kalma ɗaya ya san ta ciki da bai. Akwai gajeriya, ta wanda ka taka wa ƙafa. Akwai mai dogon ja, ta wanda kwalinsa ya jiƙe a hanya. In ya haɗa ta da kallon agogo, nufinsa tashi ka ba na baya wuri. Yakan ce da ita yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Jiya ne ta kunyata shi. An yi wa yayarsa aikin ido, ita da ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ya kuma yi alkawarin ɗauko ta daga asibiti da ƙarfe biyu. Sai bayan biyar ya tuna, lokacin maƙwabciyarta ta riga ta kai ta gida. Ya ciro waya ya rubuta sori, ya tura, ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi kamar kullum. Yau da safe matarsa ta shaida masa cewa ran Alhamis za a yi ɗaya idon, kuma Yaya ta ce maƙwabciya za ta raka ta, kada a wahalar da shi. Wannan kalmar wahalarwa ta tsaya masa a rai. Tsoro ya ji, don Yaya ba ta faɗa, cire mutum kawai take yi daga cikin waɗanda take nema.

Da aka tashi hutun rana ya hau bas. A hanya ya gwada sorinsa ɗaya bayan ɗaya a zuci, kamar mai neman makullin da zai shiga ƙofa.

Ya same ta a kujera, an saki labule, idonta na dama a rufe da auduga da filasta.

"Yaya, sannu da jiki. Kin ga saƙona?"

"Da wane idon?"

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ido ɗaya a ɗaure, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi, shi kuwa gwanin ba da haƙuri ya aika mata rubutu.

"Maƙwabciya ta karanta mini," in ji Yaya. "Na ce ta ci gaba, ta ce shi ke nan. Na ce ta duba ƙasa, ko sauran ya ɓuya."

Ya buɗe baki, kalmar ta taho da kanta.

"In ita ce, mayar da ita aljihu. Ni ba akwati ba ce da ya bi wata mota."

Ya tsuguna a gabanta, gardi mai furfura. Ashe shekara goma sha ɗaya yana ba mutane haƙuri, bai taɓa faɗin laifin da ya yi ba.

"Mantawa na yi da ke, Yaya. Ba aiki ne ya riƙe ni ba. Musun ƙwallo muke yi da direbobi, kina can kan benci awa uku. Ki yafe mini."

"Uku da rabi," in ji ta. "Ka ci musun dai?"

"An kayar da ni."

Dariya ta kama ta, ta dafe filastar da tafin hannu. Ta laluba kan tebur ta miƙo masa ƙaramar kwalba.

"Ɗiga mini a na hagu, likita ya ce sau uku kafin Alhamis. Ƙarfe bakwai na safe za mu fita. In ka makara, ba zan kira ba."

Ta ɗaga kai, ya riƙe fatar idon a hankali. Ɗigon farko ya sauka a kumatunta. Kalmar ta zo har bakin haƙoransa. Ya haɗiye ta, ya goge mata kumatun da hankici, ya sake gwadawa.