Sun Ce Malam Albert Yana Ingila

Mulikat ta haye benen tana haki, mayafinta na ja a ƙasa, mai gadi na biye da ita yana cewa, "Hajiya, ana darasi fa!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Zuwa ta yi ta wanke ɗaliban Malam Albert tas.

Shekara tara suna haya a gida ɗaya da shi a Kwaciri, ƙofarta na kallon tasa. Mutumin Zariya ne, Kirista, yana koyar da Turanci a wannan cibiya ta titin Ibrahim Taiwo, inda 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da ma'aikatan jinya masu neman fita waje suke koyon harshen. Aji bakwai yake ɗauka a rana, yana ɗaga murya don ya danne ƙarar janareta, har maƙogwaro ya fara yi masa ciwo. Ya nemi hutun sati guda aka hana shi, dama ko takardar ɗaukar aiki ba a taɓa ba shi ba. Sai da muryar ta ɗauke gaba ɗaya sannan ya kwanta.

Sati biyar ya yi a kwance. Matarsa Keziah ta buga wa daraktan cibiyar waya, ya ce ya sanar da ɗalibai. Tun daga ranar, duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai Malam Albert ya ɗaga kai ya rubuta a takarda, "Su ne?" Ko sau ɗaya ba su ba ne. A satin ƙarshe ya daina tambaya, kuma abin da ya fi ƙona wa Mulikat rai ke nan. Jiya da la'asar ya cika, yau da azahar motar coci za ta wuce da shi Zariya.

Ta banka ƙofar ajin. Manya ne kusan ashirin a zaune, da wani sabon malami a gaban allo.

"Sannunku da butulci!" in ji ta. "Mutum ya ƙarar da muryarsa a kanku, ya yi sati biyar yana sauraron ƙofa, an rasa ko mutum ɗaya da zai leƙo ya ce masa sannu. To ku huta, Malam Albert ya mutu!"

Wani dattijo a layin gaba, Alhaji Garzali mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ya cire tabarau a hankali.

"Baiwar Allah, wane Malam Albert? Namu yana Ingila."

"Yana ina?"

"Ingila. Darakta ya ce an tura shi ƙaro ilimi na wata uku. Har tafi muka yi masa a ajin nan."

Mulikat ta dafa bango. Wannan kwas ɗin ta san shi sarai. Shekara da shekaru ana yi wa Malam Albert alkawarinsa, fasfonsa har ya mutu a cikin akwati bai taɓa ganin filin jirgi ba.

"Ba ku da lambarsa ne?"

Wata mata a baya ta ce, "An hana malamai ba mu lamba. Wai kada su janye mu zuwa darasin gida."

Darakta Sadisu ya shigo da sauri yana gyara hula. "Hajiya, don Allah mu je ofis."

"Ba inda zan je! A nan ka yi ƙaryar, a nan za ka yi bayani."

"Ki fahimce ni. Don shi suke zuwa, ga jarrabawa ta matso. In na ce ba shi da lafiya watsewa za su yi. Wallahi na zaci zai tashi."

"Ka zaci? Bawan Allah ya mutu yana ganin sun yasar da shi, kai kana nan kana zato! Ba ka kai shi Ingila da ransa ba sai da bakinka. Allah ya isa tsakaninsa da kai!"

Alhaji Garzali ya miƙe, bai ko dubi daraktan ba. "Ƙarfe nawa motar za ta tashi?"

Aka dare daga kujeru. Wasu a Adaidaita, wasu a babur, suka bi Mulikat har ƙofar cocin a Sabon Gari. Alhajin kaɗai ya ratse, ya ce su je yana tafe.

An riga an saka akwatin gawa a mota. Keziah na zaune a gefensa cikin baƙaƙen kaya, ta bi baƙin fuskokin da kallo, kowa riƙe da littafin rubutu.

"Su ne, Keziah," in ji Mulikat. "Ba su sani ba. Ce musu aka yi yana Ingila."

Keziah ta sake duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Can Alhaji Garzali ya iso, ya durƙusa a bakin motar ya miƙa mata wani ƙunshi da hannu biyu.

"Shadda ce. Mun ajiye ta ne sai ya sauka daga jirgi."

Direba ya tayar da mota. Keziah ta shimfiɗa yadin a kan akwatin, tana shafe ninkinsa da tafin hannu.