Hayaƙin Zaiba

Aikina a ofishinmu shi ne ƙirƙiro mutanen da babu su. Wasan kwamfuta muke haɗawa, irin wanda mai wasa zai zaɓi mutum ɗaya ya shiga rigarsa. Ni nake rubuta halin mutumin da tarihinsa, Yaya, wana da muke aiki tare, ya zana shi, Oga kuma ya zo ya ce bai yi ba.

Ranar nan Oga ya ce ya gaji da mayu da dodanni, yana son tsoho irin masanan dā da suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman mayar da dalma zinariya.

"Amma ki ba shi rauni," in ji shi. "Gwanin da ba shi da rauni ba ya daɗin wasa."

Na shiga tsofaffin littattafai. Mutanen nan sun sha wahalar banza, na tausaya musu, na kuma yi musu dariya. Kusan duk girkinsu da zaiba suke yi, ƙarfen nan mai kama da ruwa da ke gudu a tafin hannu. Su ɗora ta a wuta, su sunkuya a kai suna jiran arziki. Na tarar raunin ma a shirye yake, hayaƙinta ne ke kawo shi: rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, gudun mutane, dasashi mai jini. Na ƙara da gishirin tatsuniya, na ce mutanen garinsa sun ɗauka aljanin tukunya ne ya shafe shi.

Na miƙa wa Yaya ina jin kaina. Ya karanta, ya ɗauki alƙalami, ya ajiye.

"Auta, a ina kika samo wannan?"

"A littafi mana. Ko ya fi ƙarfin zanenka?"

"Ba sai na zana ba. Wannan ai Baba ne."

Babanmu maƙerin zinariya ne. Ya daɗe hannunsa na rawa, har shayi sai an cika masa rabin kofi. Mutumin da dā shagonsa ba ya rabo da 'yan hira, yanzu ko sallama aka yi sai ya tsuke fuska. Gwaggo ta ce iska ce, Mama ta ce tsufa ne, mu kuma 'yan boko muka ce gajiya. Alhali tun muna yara mun san yana share ƙurar shagon ya tara, ya zuba mata zaiba ta tsince zinariyar, sannan ya ƙone zaibar.

Ko sallamar Oga ba mu yi ba muka fita.

Mun sami gaban shagon Baba ba kowa, sai sikeli da 'yan kunnen da aka kawo gyara. Can ɗakin baya, mai taga ɗaya kamar ta kurkuku, wuta na huci. Na tura ƙofa na shiga. Baba na tsugune yana ƙona zaiba, ya riƙe awartaki da hannu biyu, bakin awartakin sai kaɗawa yake.

"Baba, ba iska ba ce. Hayaƙin nan ne yake cin ku. Ku tashi mu je asibiti."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce yaushe aka haife ni. Bai ko ɗago ba.

"Na sani. Maigidan da ya koya mini sana'ar ma da haka ya tafi."

"Kun sani, Baba?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

Sai a lokacin ya lura a cikin ɗakin nake tsaye. Ya saki awartakin, ya miƙe da saurin da na manta yana da shi, ya kama kafaɗata da hannun nan mai rawa, ya tura ni waje har na yi karo da Yaya.

"Kada ki shaƙa. Yi maganarki daga nan, ina jin ki."

Ya mayar da ƙofa ya rufe, muka ji ya sa sakata.